Wanda ya warke daga ciwon hanta nau'in C: shin maganin amosanin gaɓɓai zai iya tayar masa da cutar?

Mutum ya sha maganin ciwon hanta nau'in C na mako 12, ya jira wasu makonni 12, aka ɗebi jininsa, sakamako ya fito ba a ga ƙwayar cutar ba. Likita ya ce masa ya warke. Bayan shekara biyu ko uku sai gaɓoɓin yatsunsa suka fara kumbura, da safe hannu ya sandare, ko maɓallin riga ba ya iya ɓallewa sai hantsi ya dubi ludayi. Likitan gaɓoɓi ya rubuta masa magani. Da ya isa gida ya warware 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwali, idonsa ya faɗa kan layi guda: maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki, kuma yana iya tayar da ciwon hanta da ya kwanta. Sai ya ninke takardar, ya tura kwalin can ƙarshen durowa, ya ci gaba da zama da ciwonsa.

Ba a ga laifinsa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma idan warkewar tasa ta tabbata da gwajin da ya dace, magungunan amosanin gaɓɓai, har da masu danne garkuwar jiki, ba a san su da dawo da nau'in C ba. Da zai sake duba takardar a tsanake, a mafi yawan irin waɗannan magunguna harafin B ne a jikin gargaɗin. Sunan cututtukan biyu ya yi kama, gaɓar da suke ci ɗaya ce, sai dai kama da wane ba ta wane.

Sai an fara sanin me likita ke nufi idan ya ce an warke. Gwajin jini na nau'in C iri biyu ne, kuma rikita su ya sa mutane da yawa kuka a banza. Na farko yana neman sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar cutar. Waɗannan sojoji a mafi yawan mutane suna nan har ƙarshen rayuwa, ko da cutar ta tafi tun shekara ashirin. Shaidar an taɓa yin yaƙi ce kawai, kamar tabon sara a dantse. Na biyu, wanda ake rubutawa HCV RNA ko PCR, ƙwayar cutar kanta yake nema. Idan aka yi shi mako 12 bayan shan ƙwayar magani ta ƙarshe ba a ga komai ba, shi ne abin da likitoci ke kira SVR12, kuma shi ne warkewa. A zamanin allurar interferon, tsohon maganin nau'in C, mako 24 ake jira. Da magungunan sha suka zo, irin su sofosbuvir da aka amince da shi a Amurka a Disambar 2013, aka ga mako 12 ya wadatar, domin cutar da ba ta mutu ba ba ta iya dogon haƙuri. Yawanci cikin makonnin farko bayan daina magani take sake bayyana.

Dalilin rashin haƙurin nata yana cikin halittarta. A ɗauki kowace ƙwayar halitta ta hanta a matsayin gida mai tsakar gida da uwar ɗaki. A uwar ɗakin ake ajiye kundin gado na jiki, wato DNA. Ƙwayar cutar nau'in B idan ta shiga gidan har uwar ɗaki take wucewa, ta ajiye kwafin kanta a dunƙule kamar zobe, wanda masana ke kira cccDNA. Zoben nan yana iya zama shekara da shekaru shiru. Jini ya yi tsaf, mutum ya manta ya taɓa ciwo, amma garkuwar jiki ce ke tsaye a bakin ƙofa dare da rana. Ranar da aka ba mai gadin maganin barci, abin da ke ciki sai ya fito.

Nau'in C ba ta da wannan dabara. Kundinta RNA ne, abu marar ƙarko, kuma a tsakar gida take aikinta, ba ta shiga uwar ɗaki, ba ta cusa kanta cikin DNA ɗin mutum. Rayuwarta duka a kan haihuwa ba tsayawa take. An ƙiyasta cewa a jikin mai ɗauke da ita ana ƙera kusan ƙwaya tiriliyan ɗaya a kowace rana, kuma rabin waɗanda ke cikin jini suna ɓacewa cikin kamar awa uku. Magungunan zamani injin haihuwar suke kashewa. Idan injin ya tsaya na mako 8 ko 12, tsofaffin suka ƙare, babu sababbi, to babu iri da ya rage a rumbu. A rage garkuwar jiki bayan nan, babu abin da zai tashi, domin babu abin da ke kwance.

Alƙaluma sun bi bayan wannan bayani. Wani bincike da aka buga a 2010 ya bibiyi mutum fiye da 1,300 da suka warke da interferon, na kusan shekara huɗu a matsakaici, aka samu kashi 99 cikin ɗari har lokacin babu ƙwayar cutar a jininsu. Wani kuma da aka buga a 2017 ya duba mutum 3,004 da suka kai SVR12 da magungunan da ke ɗauke da sofosbuvir. Mutum 12 ne kacal aka sake ganin cutar a jininsu. Da aka kwatanta kundin ƙwayar cutar ta da da ta yanzu, bakwai daga cikinsu sabon kamu ne suka yi daga waje, biyar ne kawai tasu ta asali ta dawo. Biyar cikin dubu uku.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba daga asibitin gaɓoɓi ta fito ba, daga wurin masu dashen gaɓoɓin ciki ta zo. Wanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda yana shan magungunan danne garkuwa irin su tacrolimus kullum har ƙarshen rayuwarsa, kuma ƙarfinsu ya wuce na yawancin abin da ake ba mai amosanin gaɓɓai. Duk da haka ana warkar da waɗannan mutane daga nau'in C, kuma warkewar tana ɗorewa. Har ta kai a 2017 likitoci a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka suka ba da rahoton cewa sun dasa ƙodar masu ɗauke da nau'in C a jikin mutum 10 da ba su da cutar, da saninsu da yardarsu, sannan suka ba su magani, dukkansu suka warke alhali suna kan maganin danne garkuwa. Idan warkewar ta jure wannan, da wuya allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu don gwiwa da yatsu ta karya ta.

Gaskiya ne akwai rahotanni ɗai-ɗai, galibi na zamanin interferon, na mutumin da aka ce ya warke sannan cutar ta bayyana bayan an ba shi maganin ciwon daji ko wani mai danne garkuwa sosai. Akwai kuma tsohuwar muhawara a kan ko ɗan burbushin RNA na iya maƙalewa a cikin hanta ko farin jini. Ba a watsar da waɗannan ba. Sai dai a yawancin tsofaffin rahotannin ba a yi kwatancen da zai raba dawowa da sabon kamu ba, kuma gwajin wancan lokaci bai kai na yanzu kaifin ido ba. A ganina ba daidai ba ne a bar gaɓoɓin mutum su lalace, abin da ke faruwa sau da yawa idan ba a yi magani ba, saboda tsoron abin da ake ƙirgawa da yatsu a duniya. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ma, a ƙa'idojinta na 2015, ta ce wanda ya samu ingantaccen maganin nau'in C a yi masa maganin amosanin gaɓɓai kamar kowa.

Ita kalmar amosanin gaɓɓai ma buhu ce da aka zuba abubuwa daban-daban. Akwai na zaizayar guringuntsi, wanda shekaru da nauyin jiki ke kawowa a gwiwa da ƙugu. Maganinsa paracetamol, ibuprofen, diclofenac, naproxen, wani lokaci allurar steroid a cikin gaɓar. Babu ɗaya cikinsu da ke danne garkuwa yadda zai shafi wannan magana. Akwai na taruwar gishirin uric acid, mai kama babban yatsan ƙafa cikin dare, wanda ake ba wa colchicine da allopurinol. Shi ma ba ruwansa. Tambayar ta fi shafar nau'in da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, irin na mutuminmu mai sandararren hannu da safe. A nan ne ake ba da methotrexate, leflunomide, sulfasalazine, hydroxychloroquine, prednisolone, da allurai irin su etanercept, adalimumab, infliximab, tocilizumab da rituximab, ko ƙwayoyi irin su tofacitinib. Abin lura, etanercept da ire-irensa an daɗe ana ba masu ɗauke da nau'in C tun kafin magungunan zamani su zo, kuma galibi ba a ga adadin ƙwayar cutar ya yi tashin gwauron zabo ba. Rituximab kuwa, wanda ya fi kowanne kaurin suna a kan nau'in B, shi ake amfani da shi wajen magance kumburin jijiyoyin jini da nau'in C kanta ke haddasawa.

To, tsugune dai ba ta ƙare ba. Ƙwayar cutar ta tafi, amma gizo yana saƙarsa a wasu wurare uku, kuma su ne suka cancanci tsoron da ake ɓarnatarwa a kan dawowar C.

Na farko nau'in B ɗin nan. Hanyoyin kamuwa da B da C sun yi tarayya: jini, allura, kayan aikin da ba a tsaftace ba. Saboda haka wanda ya taɓa ɗaukar C yana da dalilin a bincika masa B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B, C kuma miliyan 50. Gwaji ɗaya bai isa ba. HBsAg yana nuna cutar da ke nan a fili, anti-HBc kuma yana nuna an taɓa haɗuwa da ita, wato mai yiwuwa zoben nan yana uwar ɗaki ko da HBsAg ya fito babu. A Satumbar 2013 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan rituximab saboda tayar da B, har da mutuwar wasu. Prednisolone mai yawa, kamar miligiram 20 ko fiye a rana na tsawon mako huɗu ko sama, shi ma yana da wannan haɗari ga mai HBsAg. Abin da ake yi ba hana maganin gaɓoɓin ba ne. Ana haɗa wa mutum da maganin B, entecavir ko tenofovir, tun kafin a fara, ya ci gaba da sha har bayan an gama, a rituximab aƙalla shekara guda bayan allurar ƙarshe. Wanda gwaji ya nuna bai taɓa haɗuwa da B ba kuwa, akwai allurar rigakafinta, abin da C ba ta da shi har yau. Wani abin mamaki a gefe: maganin C kansa yana iya tayar da B, shi ya sa FDA ta sa masa irin wannan gargaɗi a Oktobar 2016. Kamar dai C ce ke danne B, da aka kawar da ita sai ɗayar ta sami fili.

Na biyu ita hantar kanta. Korar ɓarawo ba ta gyara katangar da ya fasa. Wanda cutar ta zauna a jikinsa shekara ashirin ko talatin kafin a gano ta yana iya fita da tabo a hanta, daga ɗan kaɗan har zuwa ƙandarewa. Tabon yakan yi sauƙi a hankali bayan warkewa, amma ba a kowa ba. A nan ne zaɓin magani ke da muhimmanci ƙwarai. Methotrexate da leflunomide duka suna iya taɓa hanta da kansu, ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Mai lafiyayyar hanta bayan warkewa ana iya ba shi methotrexate, sau ɗaya a mako ba kullum ba, tare da folic acid, ana gwada jini a kai a kai, kuma giya ta haramta gare shi ta fuskar likita ma. Mai tabo mai zurfi kuwa likita yakan kauce masa ya nemi wani. Shi ya sa kafin a rubuta komai ya kamata a san matakin tabon, ko da na'urar FibroScan ko da lissafin FIB-4, wanda ake fitarwa daga shekarun mutum, da sinadaran hanta ALT da AST, da adadin ƙwayoyin daskarar da jini.

Abin da ya fi ba ni tsoro a nan ma ba manyan alluran ba ne, ƙananan ƙwayoyin da ake raina su ne. Mai ƙandararriyar hanta da ya ajiye maganin likita don tsoro, ya koma haɗiyar diclofenac ko ibuprofen safe da yamma, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Waɗannan magunguna a jikinsa suna iya durƙusar da ƙoda, su tara ruwa a ciki, su jawo aman jini daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi. Paracetamol da mutane suka fi tsoro shi ya fi masa sauƙi, muddin bai wuce giram 2 a rana ba. Kuma mai ƙandarewa, ko ya warke daga C, ana ci gaba da yi masa hoton hanta duk wata shida don farautar ciwon daji da wuri.

Wannan batu na hanta shi ke haifar da ruɗanin da aka fi gani. Wata uku da fara methotrexate, mutum ya karɓi takardar gwaji, ya ga ALT ya haura, an ja masa layi. Ya shiga wurin likita jiki na rawa.

"Likita, ta dawo ko?"

"Malam, zauna tukuna. Wannan lambar cewa take hanta ta ji jiki. Ba ta faɗi wanda ya taɓa ta ba."

Haka ne kuwa. ALT sinadari ne da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta suka ji rauni, ko mene ne sanadi. Methotrexate yana ɗaga shi, leflunomide da tocilizumab da diclofenac ma haka. Kitsen hanta, wanda ƙiba da ciwon suga ke kawowa kuma prednisolone ke iya ƙarawa, yana ɗaga shi. Jiƙe-jiƙe da ƙarin magungunan da mutum ke sha bai gaya wa kowa ba suna ɗaga shi. B da ta farka tana ɗaga shi. Abu ɗaya ne ke raba gardama a kan C, shi ne gwajin HCV RNA. Idan aka yi kuskure aka maimaita gwajin sojojin jiki, zai fito akwai, kamar yadda yake fitowa a mafi yawan mutane har ƙarshen rayuwa, sai a tashi hankalin mutum a kan tsohon tabo. Duk wanda ya warke ya kamata ya adana takardar SVR12 ɗinsa, ya nuna wa kowane sabon likita kafin a aike shi ɗakin gwaji.

Akwai ruɗani na kishiyar wannan da ya kamata a ambata. Nau'in C kanta tana sa ciwon gaɓoɓi, kuma tana sa gwajin RF, wanda ake dogara da shi wajen gano amosanin garkuwar jiki, ya fito akwai a mutane da dama, wani lokaci har bayan warkewa. Kenan mai tarihin C da ke ciwon gaɓoɓi ba a yanke masa hukunci da RF kaɗai. Gwajin anti-CCP ya fi rarrabewa, tare da hoton gaɓoɓin da duban likita. Kafin a tambaya ko magani zai dawo da cuta, gara a tabbatar ma ana buƙatar maganin.

Na uku sabon kamu. Warkewa daga C ba ta barin kariya. Sojojin nan da ke fitowa a gwaji ba sa hana ta sake shiga, kuma mutum na iya kamuwa sau biyu, sau uku. Allurar da aka yi wa wani da ita, jinin da ba a tantance ba, reza ko kayan huda fata na tarayya, na'urar wankin ƙoda da ba a kula da ita ba, duk hanyoyin da suka kawo ta da farko suna nan. Mai ciwon gaɓoɓi kuma mutum ne mai yawan karɓar allura, musamman idan azaba ta kai shi hannun wanda ba ƙwararre ba. Idan irin wannan ya sake kamuwa, laifin zai faɗa kan maganin da ke cikin sirinji, alhali sirinjin ne. Wanda ke cikin haɗarin da bai yanke ba ana ba shi shawarar gwajin RNA aƙalla sau ɗaya a shekara.

Duk abin da aka faɗa a sama na wanda ya riga ya kai SVR12 ne. Wanda yake tsakiyar shan maganin C lissafinsa daban, domin a nan wasu magunguna na iya rage ƙarfin maganin har warkewar ta ƙi samuwa tun farko. Biyu daga cikinsu suna bin mai ciwon gaɓoɓi ta bayan gida. Omeprazole da 'yan uwansa, da ake haɗa wa mai shan diclofenac don kare ciki, suna rage yadda jiki ke tsotse magungunan C irin su ledipasvir da velpatasvir, don haka akwai ƙa'idar adadi da lokacin shansu. Rifampicin kuma, wanda akan ba wanda aka gano yana da tarin fuka a kwance kafin a fara masa alluran garkuwa, yana kore magungunan C daga jini, ba a haɗa su sam. Shi ya sa idan hali ya yi, likitoci kan so a gama makonnin C ɗin nan 8 ko 12 tukuna, ko a zauna a tsara jerin magungunan gaba ɗaya tsakanin likitan hanta da na gaɓoɓi.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a RNA ya fito akwai bayan shekaru, ana fara maimaita gwajin don a tabbatar, sannan a duba jinsin ƙwayar cutar. Tana da manyan jinsi aƙalla shida, kuma idan na yanzu ya bambanta da na da, an san daga waje ta zo. Ko wacce ce, tana jin magani. Sabon kamu ana yi masa irin maganin farko. Wadda ta dawo bayan magungunan zamani kuma akwai haɗin sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, da aka amince da shi a 2017, ƙwaya ɗaya a rana na mako 12, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda maganin farko bai yi musu ba suna warkewa da shi.